Tsarabar dole: muhawara kan masu shagon tufafi da ke matsa wa baƙi a ƙasar waje

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tunda masu Umrar azumi sun fara haɗa takardu, ina so mu taɓa wata magana da take ci mini tuwo a ƙwarya. Mutanenmu na nan Taura da Ringim da Garki, mutum zai sayar da riɗinsa da shinkafarsa, wani har da san noma, ya haɗa kuɗin kujera. Ya je ya dawo da jaka maƙil da abaya da jallabiya, amma in ka zauna da shi a natse sai ya ce maka rabinsu bai yi niyyar saye ba.

Yayata ce ta sa na kawo maganar. Abaya ɗaya ta shiga nema a wani shago a Makka, ta 'yarta da za a kai ɗaki. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, amma da Hausa ya tare ta: Hajiya sannu, Hajiya zauna, yau araha ce. Aka turo mata kujera, yaro ya kawo ruwan sanyi. Sai suka shiga farke ledoji suna zuba mata kaya a cinya, wannan ta amarya, wannan ta uwar amarya, wannan ta ƙanwarta. Ta miƙe za ta fita, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa da kwalkuleta yana danna lamba yana gogewa. Wanda ya rako ta, Bahaushe ne mazaunin can da ya yi ta yi musu hidima a masauki, ya raɗa mata cewa tunda an buɗe leda ba a mayarwa, kada ta ja musu abin kunya. Guda bakwai ta biya. Ragowar kwanakinta da shayi da burodi ta ƙarasa su.

Don Allah ku gaya mini, wannan ciniki ne ko fin ƙarfi?

Alhaji Mai Yadi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina taya Hajiya jaje, amma ka yi mini afuwa, zan faɗi abin da ba za ka so ba. Wa ya sa hannu a jakarta? Kasuwa ko'ina haka take. Ka shiga Kantin Kwari ka gani, tun daga bakin titi yara za su tare ka, Alhaji shadda, Alhaji yadi, har su karɓi ledar hannunka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci. An faɗa maka ɗari, ka taya talatin, ya ce albarka, ka kama gabanka. In yana so zai kira ka.

Kuma ku tuna shagon da ke kusa da Harami hayarsa ba wasa ba ce. Ga harajin kaya da Saudiyya ta ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari tun watan Yulin 2020. Mutumin nan jiran lokacin Hajji da azumi yake yi, dole ya kira ciniki da ƙarfinsa.

Maman Sadiya:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ba ka taɓa zama mace kai kaɗai a shagon maza uku a ƙasar da ba ka jin yarensu ba. A kasuwar Gujungu na san kuɗin yadi, na san mai rumfar, na san ubansa, in ya ƙware ni wani satin zan dawo in same shi. A can fa? Ba ki san riyal nawa ne daidai ba, ƙafarki ta kumbura da ɗawafi da sa'ayi, hankalinki yana kan kada abokan tafiya su wuce su bar ki, ga mai shago yana cewa yi sauri za a kira salla mu rufe. Sannan an ba ki ruwa kin sha. Mu da aka tarbiyyantar da mu cewa wanda ya girmama ka ba ka watsa masa ƙasa a ido, ta yaya za ki tashi ki bar masa kaya a warwatse? Kunyar nan tamu suka karanta, da ita suke cin kasuwa.

Alhaji Mai Yadi:
Hajiya, to ai kunya ba ta shiga ciniki. Wannan a gida ya kamata a koya wa mutum.

Maman Sadiya:
Ita kunyar ba laifi ba ce, Alhaji. Wanda ya mayar da ita tarko shi ne mai laifi.

Ɗalibi daga Istanbul:
Iyayena da yayyena, a ba ni dama in sa baki, don abin da kuke faɗa ni a nan kusan kullum nake ganinsa, kuma ba alhazai kaɗai ake yi wa ba. Turawa masu zuwa hutu su ma suna shan sa.

Akwai salo biyu. Na farko shi ne na babbar kasuwar nan mai rufi ta Istanbul, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Muhammad al-Fatih a ƙarni na 15, mai shaguna wajen 4,000. A nan shayi ne makami. Za a tambaye ka daga ina, ka ce Najeriya, nan take a kira maka sunan ɗan ƙwallo, a ce kai ɗan'uwa ne Musulmi, farashinka daban. Wannan da sauƙi, domin ƙofa a buɗe take, makwabcinsa ma irin kayan yake sayarwa.

Na biyu shi ne mai zafin. Kamfanin yawon buɗe ido zai sayar maka da tafiya ta kwana da kwanaki zuwa Kapadokiya ko Antaliya, wuraren shaƙatawa a nan Turkiyya, a kuɗin da kai kanka ka san bai isa mota da masauki ba. Ana cikin tafiya sai bas ta ratse zuwa wani katafaren gida a bayan gari, a ce masana'antar fata ce, za a nuna muku al'ada. A zaunar da ku a ɗaki mai fitilu, a ba kowa abin sha da 'yar takarda da biro, a saki kiɗa, samari da 'yan mata su fito sanye da rigunan fata, kowace da lambarta, a ce ka rubuta lambar da ta burge ka. Har cikinku za a jawo mutum biyu a sa musu riga su taka, kowa yana tafi. Ana gamawa sai a buɗe wata ƙofa, ku tsinci kanku a cikin shagon, kowane baƙo da mai sayarwa guda manne da shi. Kuɗin da ke jikin rigar an ninka shi tun farko, saboda haka in aka ce an rage maka rabi sai ka ji kamar ka ci riba. Ka ce a'a, a kira manaja, ya ƙara ragewa, ya ce na yau ne kawai. Bas ba za ta tashi ba sai mai jagora ya ce a tashi, shi kuwa yana da kasonsa a duk abin da aka saya. Kai kuma ba ka san hanyar gari ba balle ka tafi da ƙafarka.

Ragin kuɗin tafiyar da aka yi maka tun farko, a wannan ɗakin ake fanshe shi.

Baban Walida:
Ikon Allah. Wato tun kafin mutum ya hau mota an riga an sayar da shi ga mai shago.

Ɗalibi daga Istanbul:
Haka ne Yaya. A Bankok ta ƙasar Tailan kuma masu keken nan irin adaidaita sahu ne suke yi. Zai ɗauke ka a kuɗi kaɗan ya ce zai zagaya da kai gari, sai ya tsaya da kai a shagon tela mai ɗinka kwat, saboda ana ba shi ladan kawo baƙo. Abin ya taɓa yin yawa a Sin har dokar yawon buɗe ido da suka fara aiki da ita a watan Oktoban 2013 ta hana tafiye-tafiyen arahar da ake fanshewa ta hanyar tilasta wa mutane sayayya. Da ciniki ne kawai irin na Kwari, gwamnati ba za ta yi masa doka ba. Su kuwa 'yan kasuwarmu masu zuwa sari unguwar Laleli a nan Istanbul ba su cika faɗawa ba, don sun san kaya, sun san kuɗinsa, kuma za su dawo baɗi. Baƙon zuwa ɗaya ake nema.

Tsohon mazaunin Jidda:
Ni maganar mai rakiya ce ta fi taɓa ni, don na zauna cikin Takari na san yadda abin yake. Kada a yi musu kuɗin goro. Da yawansu mutanen kirki ne, su ne ke kai tsoho asibiti, su nemo wanda ya ɓata, su dafa wa alhazai tuwo. Amma akwai waɗanda sana'arsu ke nan: ya kai ka shago, ya yi magana biyu da Larabci da mai shagon a gabanka, an gama. La'adarsa tana cikin kuɗin da ka biya, da yamma zai koma ya karɓa. Alamarsa ɗaya ce. Duk abin da ka ce kana so, shago ɗaya yake kai ka, kuma in ka taya ƙasa shi ne zai fara cewa haba Alhaji, kafin mai kayan ya buɗe baki.

Abin da aka gaya wa Hajiya cewa in an buɗe leda ba a mayarwa, ƙarya ce tsagwaronta. Su suka buɗe, ita ba ta biya ba, ba ta ce ta saya ba. Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ma ta wajabta wa shaguna rubuta farashi a jikin kaya, ta kuma hana liƙa rubutun nan na cewa kayan da aka saya ba a mayarwa ba a canzawa. Akwai lambar kai ƙara, 1900. Mai shago ya ga ka ɗaga waya kana ambaton wannan lamba, jikinsa yakan yi sanyi.

Sannan duk yadda ka matsa daga Harami kaya suna sauka. Abin da ka gani a titin Ibrahim Khalil, je ka unguwar Utaibiyya ko Ka'akiyya a cikin Makka ka sake tambaya. In jirginku ta Jidda zai tashi kuma an samu sarari, kasuwannin Balad da Bab Sharif suna nan.

Baban Walida:
Ai shi ya sa haushinsa ya fi ci na a kan na mai shagon. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Allah gafarta Malam, kana cikin zauren nan, muna jiran ka.

Malamin Islamiyya:
Ina biye da ku. Asalin magana tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 29: dukiyar mutum ba ta halatta sai ta kasuwancin da aka yi bisa yarda. Yardar da aka tatso da tsare ƙofa da kunyatarwa, malamai ba su ɗauke ta cikakkiyar yarda ba. Kiran ciniki da yabon kaya da gaskiya, Alhaji, wannan babu laifi, kuma tayi da ragi duk halas ne. Inda aka ƙetare iyaka shi ne ƙarya: na yau ne kawai, saura guda ɗaya, wallahi ban ci komai a kai ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Haka nan an hana najashi, wato a sa wani ya yi kamar mai saye yana ƙara kuɗi ko yana zuga kaya don a ruɗi baƙo.

Dillanci sana'a ce halattacciya, la'ada kuma haƙƙin dillali ce, matuƙar an san shi dillali ne. Wanda ya zo maka a rigar mai taimako, kana ganin yana kare ka alhali yana da kaso a wajen mai kaya, wannan ha'inci ne, domin shawara ka nema a wurinsa ya ba ka talla.

Ga wani abu da ya kamata mu sani mu Malikawa. Hadisin da ya ce masu ciniki suna da zaɓi matuƙar ba su rabu ba, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, amma a mazhabarsa ciniki yana ƙulluwa ne da zarar an ce na sayar an ce na saya. Saboda haka mutum ya riƙe bakinsa. Kada ka ce na saya don a rabu da kai. Akwai sahabin da ake yawan ƙwara a ciniki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya masa ya riƙa faɗa tun farko cewa ban da yaudara. Ba a ce masa laifinsa ba ne, hanya aka ba shi.

Alhaji Mai Yadi:
Allah ya saka da alheri Malam. Maganar la'adar ɓoye na sallama, ni ma ba na yarda yaro ya kawo mini baƙo ya ɗora masa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa babba mai hankali ba ya biyan abin da bai so. Tunda an zo nan, bari in ba ku sirrin kasuwa kyauta. Ka tambayi kuɗi kafin ka taɓa kaya. Kada ka bari a yanka yadi ko a kai wa tela ya rage tsawo kafin a daidaita, don da almakashi ya shiga magana ta ƙare. Kada ka fito da kuɗinka gaba ɗaya a gaban mai shago. In ya ce nawa za ka biya kai da ba ka san kaya ba, ka ce sai ka zagaya. Kuma lissafi da wayarka za ka yi, ba da kwalkuletarsa ba. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ba ta motsi. In dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. Abayar riyal 180 ta tashi naira 72,000. Mutum ya ji 180 sai ya ga kaɗan ne, alhali ya ba da kuɗin da a gida sai ya kwana uku yana shawara.

Kawu Tela:
Ni a teburina ake ƙare maganar, don duk bayan dawowar alhazai wurina ake kawo gyara. Abaya za ka gani baƙa wuluk tana sheƙi, ka juya cikinta ka ga ɗinki layi ɗaya, ba a bi bakin yadin ba, zare yana tsiyaya. Duwatsun da ke hannu da ƙirji da gam aka manna, wanki ɗaya su zube a bokiti, su bar tabo fari-fari. Jallabiyar da aka ce wa mutum auduga ce zalla, in na zaro zare daga cikin lanƙwasar ƙasa na sa masa ashana sai ya narke ya dunƙule ya yi tauri yana warin roba. Auduga ta gaskiya toka take zama mai laushi, warinta kamar an ƙona takarda. A shago ba za ka kunna ashana ba, amma za ka iya juya riga, ka ja ɗinkin hammata a hankali, ka kankare dutse ɗaya da farce, ka karanta 'yar takardar wuya. Da yawa za ka ga daga Sin suke, irinsu kuma suna nan jibge a Kwari.

Har shadda ake sayar wa mutane a can a ce gezna ce. Ita Getzner ta asali a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, kuma duk inda ka ji kuɗinta ya faɗi warwas to ka san da magana. Wanda yake son shaddar kirki ya saya a gida wurin wanda zai iya komawa ya kama.

Goggo Hajiya:
'Ya'yana, an karanta mini duk abin da kuka rubuta, jikata ce take rubuta mini nawa. Kun kama mai shago, kun kama mai rakiya, kun bar na uku. Wa yake aika mu shagon? Tun kafin mace ta tashi an kawo mata takarda: ta surukai, ta kishiya, ta 'ya'yan miji, ta makwabta, ta wanda ya ba da gudummawar naira dubu biyu yana jiran jallabiya. In ta dawo da dabino da zamzam da carbi kawai, sai a ce Hajiya ta je Makka ta dawo hannu rabbana. Matar da ke zaune a kujerar nan ana zuba mata kaya a cinya, fuskokin mutanen gida take gani. Mai shago ya san haka, shi ya sa yake ce mata wannan ta uwar amarya.

A Hajjin 2024 dala 500 aka ba alhaji guzuri. A ciki zai ci, ya hau mota, ya yi tsarabar gari guda. Na ga tsohuwa a Madina tana kuka a kan sikeli saboda jakarta ta wuce kilo 32, tana zubar da kayan da ta hana cikinta abinci ta saya. Ku sauke wa mutane wannan nauyin, za ku ga mai shago ya rasa rabin ƙarfinsa.

Maman Sadiya:
Wallahi Goggo kin taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi. Mu mata mu ne kan gaba wajen ƙirga wa mutum abin da ya kawo.

Baban Walida:
Gaskiya ce Goggo, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai ba na so mu tashi a kan cewa laifin gida ne mu wanke wanda ya tsaya wa tsohuwa a ƙofa. Nauyin tsaraba namu ne, mu za mu gyara. Amma wanda ya ga mace a takure ya ƙara matse ta, ya yi mata ƙarya a gefen ɗakin Allah, shi ma a kira abin da ya yi da sunansa.

Ma'aikacin banki a Dutse:
Ƙari kaɗan ga masu biya da kati. In na'urar ta ba ka zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da kake da wani kuɗin daban, zaɓi na ƙasar, don canjin da na'urar shago take yi yakan fi tsada. Ka duba adadin da idonka kafin ka sa lambar sirri, kada ka miƙa kati a shiga da shi ciki, kuma ka karɓi rasit. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ba ta da iko a kan shagon da ke Makka ko Dubai, saboda haka duk ƙorafin da za ka yi, ka yi shi kafin ka hau jirgi.

Alhaji Mai Yadi:
To ga tayi. Duk wanda zai tafi daga yankinmu ya biyo ta rumfata kafin tafiya, in nuna masa abaya da jallabiya kala-kala da kuɗinsu na Kano, ya taɓa ya ji a hannunsa. Ba sai ya saya ba. In ya je can ya san abin da zai gwada da shi.

Malamin Islamiyya:
Wannan ya yi. Ni kuma zan roƙi masu shirya bitar alhazai a ƙaramar hukuma su ba mu ɗan lokaci bayan darasin ihrami. Ana koya wa mutane ɗawafi da jifa, ba a gaya musu abin da za su tarar a kasuwa, alhali kowa sai ya shiga.

Maman Sadiya:
Allah gafarta Malam, ɓangaren mata a bar wa mace, don akwai abin da ba za su faɗa a gaban maza ba. Kuma a gaya musu kada mace ta shiga shago ita kaɗai, su riƙa tafiya uku-uku, ɗaya ta tsaya kusa da ƙofa. Yawancin masu tafiyar nan ba sa karanta boko. Baban Walida, ka tattara abin da Kawu Tela da mutumin Jidda suka faɗa ka yi shi da murya, gajere, yadda za a tura wa iyayenmu a waya.

Baban Walida:
In sha Allahu zan yi shi daren nan bayan isha'i. Ɗan'uwa na Jidda, ka turo mini yadda ake cewa ba na so, da nawa ne, da zan dawo, da Larabcin kasuwa, ka faɗe su a hankali yadda tsoho zai iya maimaitawa. Kawu, gobe zan biyo shago in ɗauki hoton cikin abayar nan mai zubar da duwatsu in haɗa da shi.